Yaƙin Shitu Tela da Ƙudan da Ya Ƙi Nutsewa

Wannan tarihin Shitu ne, ɗan Nomau, jikan Barau Mai Almakashi, tattaɓa-kunnen Jatau wanda aka ruwaito ya tsallake Kogin Wudil da keken ɗinki a ka ruwa bai taɓa zare ba. Shitu ma'abocin allura, sarkin surfani na bakin kasuwa, mai ɗinka wa ƙato wando ya durƙusa lafiya, bajimin da ko ana jibi sallah ba ya cewa aiki ya fi ƙarfinsa, sai dai ya ce a dawo gobe. Allah Ya jiƙan magabata. Babu masunci ko ɗaya a cikinsu.

Bayan haka, asalin fitinar waya ce. A cikinta Shitu ya ga waɗansu Turawa a wata ƙasa mai sanyi, tsaye cikin ruwa har ƙugu, suna kama wani kifi mai jan nama wai shi salmon, ba da tana ba, ba da gara ba, sai da ƙudan ƙarya: gashin tsuntsu a naɗe jikin ƙugiya da zare, a jefa shi, ya nutse, kifi ya zaci ƙwaro ne ajali ya kawo masa. Bai ji Turancin ba. Zaren ya gani. Ya ce a ransa, in dai naɗin zare ne, to an shigo gonarsa.

Tun daga ranar zakaransa, Jan Wuya, ya tashi daga matsayin mai cara ya koma rumbun makamai. Shitu kan ba shi dawa a tafin hannu, ya ba shi haƙuri, sannan ya tsige gashi ɗaya daga wuyansa. Da wannan gashi ya ɗinka rundunar ƙudaje, ya jera su a gwangwanin alewa, ya naɗa musu sarauta: Madawaki mai ja da zaren zinariya, Galadima mai kore, Barde mai jela. Ya kai hari kogi sau da yawa. Kullum yakan dawo da labari.

Sai ga saƙo cewa Hashimu, yayan matarsa Lantana, zai sauka bayan la'asar, mutumin da ba a taɓa ba shi miya ba nama ya manta ba. Lantana ta daka tattasai, ta ɗora tukunya, ta kama Jan Wuya ta ɗaure ƙafarsa a jikin turmi, duk ba tare da ɗaga murya ba.

"Malam," in ji ta, "tukunyar nan ba ta san kifi ba, ba ta san zakara ba. Wanda ya riga zuwa shi za ta karɓa."

Sadauki ya miƙe. Ya naɗe ƙafar wando, ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar hamila, ya soke allura da zare a hula, ya saɓa gorar fatsarsa. Lantana ta miƙo masa kwandon da kazarta ke kwana a ciki, wai shi ne mafi girma a gidan, kada ganima ta rasa wurin zama. Ya karɓa. Bai ji ba'ar ba, ko kuwa ya ji ya haɗiye.

A fagen fama ruwa ya yi jaja-jaja irin na damina, masu wanki suna ta bugun kaya a kan duwatsu, su ne tamburan yaƙin. Shitu ya buɗe gwangwani ya yi shawara da hakimansa, ya dubi sama, ya dubi launin ruwa, ya tauna leɓe kamar yadda ya ga Turawan suna yi, ra'ayi ya tsaya kan Madawaki.

"Ga ɗan Nomau!" in ji shi, yana kirari.

Igiya ta keta iska, ta yi gaba, ta yi baya, ta ɗauke masa hula, ya mayar, ya sake jefawa, Madawaki ya sauka a tsakiyar ruwa cikin alfarma da ƙasaita, ya baje gashinsa, ya zauna daram kamar mai unguwa a kan buzu. Ya ƙi nutsewa. Daga ƙasa ana hango inuwar kifayen kawara suna shawagi, suna ɗago ido, suna wucewa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Aka sauke Madawaki aka tura Galadima. Ya yi iyo. Aka tura Barde. Ya yi iyo har da juyi. Shitu ya tofa masa yawu, ya danna shi cikin ruwa da yatsa, ya taka shi a laka, amma da an sake shi sai ya taso, ya kakkaɓe jiki, a bushe ƙayau, domin gashin zakara tauri gare shi, kuma da girman kan ubangidansa yake tafe.

"Tela," wani mai wanki ya kira shi, "wanka ka kawo ƙudan naka ne? Mu ara maka sabulu?"

Rana ta karkata. Shitu ya kife kwando ya zauna a kai, a kunnensa yana jin ana wasa wuƙa a bakin dutse, ko da yake gidansa da nisa. Nan wani gashi ya faɗo daga saƙar kwandon, na kazar Lantana, toka-toka, laushi kamar auduga, abin da ko tsintsiya ba ta girmama shi. Iska ta kai shi ruwa. Ya sha, ya jiƙe, ya fara sauka ƙasa a hankali yana motsi kamar mai rai. Wani abu fari ya gilma, gashin ya ɓace.

Masu ruwaya sun ce Shitu ya daɗe yana kokawa da zuciyarsa, don abin kunya ne a ce runduna mai sarauta ta gaza, a koma neman agaji wurin kaza. Amma ya tuna ƙafar da ke ɗaure a turmi. Ya tsinci wani gashin, ya zare zare daga hula, ya naɗa a ƙugiya. Bai ba shi sarauta ba. Ya jefa. Ya nutse.

Sai aka fizga.

Nan fa aka gwabza, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin diddigensa, gora ta lanƙwasa, ko shi ya lanƙwasa ta, ya ja, abokin gaba ya ja, ya ci gaba har ruwa ya kai gwiwa, takalminsa ɗaya ya yi shahada ya bi kogi, masu wanki suka tsai da bugu, ya ambaci Nomau da Barau da Jatau, ya tattara ƙarfin zuriya gaba ɗaya ya fincike, sai ga abokin gaba ya yi sama yana ƙyalli ya faɗa kan rairayi. Kawara ce. Ta kai ɗan yatsa. Ya auna ta da tef, ya ƙara mata inci biyu na kalmasa.

Ya shiga gida da takalmi ɗaya, kwando a ka. Hashimu har ya iso yana kan tabarma. Lantana ta leƙa kwandon, ta sake leƙawa kafin ta gano ganimar, ta dubi mijinta jiƙe sharkaf yana haki yana murmushi, sai tausayi ya kama ta. Alkawari alkawari ne, kifi ya riga zuwa. Ta durƙusa gindin turmi ta fara kwance igiya.

Da Shitu ya yi shiru a nan, da tarihi ya sauya. Amma Hashimu ya tambaya yadda ake kama kifi da gashi, shi kuwa mai nasara ba ya iya riƙe sirri.

"Gashin kaza, Yaya, shi ne asirin. Shi ke shan ruwa ya nutse inda kifi yake. Na zakara kuwa aikin banza ne, sai ado da taurin kai. Ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa."

Hannun Lantana ya tsaya a kan ƙullin. Ta dubi zakaran, ta dubi kifin, ta dubi faɗin yayanta. Ta mayar da ƙullin yadda yake.

"To, Malam, tunda kai da bakinka ka faɗa."

Ta miƙa masa wuƙa, da ladabi, hannu biyu.

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Ba su dai faɗi wuyan wa ba.

Da aka zo cin tuwo Hashimu ya samu cinyoyi, Shitu ya samu wuya, ya ci yana jimami, ya kuma nemi ƙarin romo. Kawarar kuwa Lantana ta soya ta ita kaɗai, ta ɗora a tsakiyar kwano don girmamawa. Hashimu ya haɗa da ita a lomar farko, ya zaci albasa ce. Da ya suɗe hannu ya yi hamdala, sai ya gyara zama, ya tambaya yaushe za a kawo kifin.