Rasuwar Bi Twiga, Na'urar Faɗaɗa Hoto

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, dattijo Mzee Kibwana mai hoto na unguwar Ngamiani a garin Tanga yake sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar faɗaɗa hoto da unguwa ta sani da Bi Twiga, wato Uwargida Raƙumin Dawa da Swahili, saboda dogon wuyanta.

Marigayiyar ta rayu a ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, ba ta taɓa ƙorafi ba. A ba ta dodon hoto ɗan mitsitsi, wanda baƙi ke fitowa fari a jikinsa, ta haska shi ya koma girman faranti, sannan a shimfiɗa shi kan takarda a kai rana. Aikin yakan cinye wuni, ga warin magani, ga fim da ke lalacewa, amma ta fitar da amare da kakannin rabin garin. Duk maganarta a duniya ba ta wuce "ƙiii" in an ɗaga wuyanta, da "ƙas" in an kashe ta ba.

Ciwon ajali ya daɗe a jikinta. Danshin teku ya sa idonta ya yi fumfuna, gefen hotuna ya fara dishi-dishi. Mzee bai lura ba, don shi ma nasa idon ba na jiya ba ne, kuma bakinsa bai huta ba. Kullum yana teburin mai kahawa, wato gahawa, yana zagin dodon da 'yarsa Mwanakombo take fitarwa da kwamfuta, ta buga a kan farar leda kafin shayi ya huce. Wai aikin ragwaye ne, wai ba rai a ciki.

Ranar da Mwanakombo ta gaji, ta ajiye hotuna biyu na mahaifiyarta marigayiya, ɗaya daga dodon Bi Twiga, ɗaya daga nata.

"Baba, nuna naka. In ka gane, ɗakin duhu ya zauna. In ka kasa, firintata ta shiga."

Maƙwabta suka cika shago. Mzee ya gyara kofia, ya ɗauki guda ya rungume, har da ƙwalla. Ɗayan kuwa ya ture shi da bayan hannu.

"Dubi gefensa! Makauniya ce ta yi wannan. Ko kifi ba zan naɗe da shi ba."

Ƙofar ɗakin duhu a buɗe take, Bi Twiga tana tsaye tana ji. Babu wanda ya yi dariya. Mwanakombo ta ce a hankali, "Baba, wanda ka ture shi ne naka."

Da yamma ya shiga ɗakin duhu ya kunna Bi Twiga don ya ba ta haƙuri. Ta yi "ƙas" sau ɗaya, fitilarta ta mutu. Mai gyara ya ce ƙwai ne ya ƙone kuma an daina yin irinsa. Mzee ya ce shi ya san abin da ya kashe ta. Kunya ta hana shi fita shan kahawa har yau.

Ta rasu ta bar tasoshin wanki uku, da igiyar shanya, da jar fitila wadda yanzu ba ta da wanda za ta yi wa gadi.

Za a lulluɓe ta da zanen kanga ranar Alhamis bayan la'asar, a ɗauke ta zuwa ɗakin ajiya na bayan gida. Ba a gayyaci masu sayen tsohon ƙarfe ba. Akwai kahawa da kashata, alewar kwakwa, ga masu ta'aziyya.

Za a rataye babban hoton marigayiyar a bakin shago. Da yake babu sauran mai faɗaɗa hoto a gidan, Mzee da kansa ya je ya roƙi Mwanakombo ta fitar da shi. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ana roƙon jama'a, don Allah, kada kowa ya faɗi haka a gabansa.