Hancin Motar Mahama

"...lafiya lau, alhamdulillahi. Ina gajiyar ɓarayi?"

Da haka na amsa gaisuwar jikana Mikaila, ranar kasuwar Bawku, shekara biyu bayan ya dawo daga yaƙin Bama da sana'ar tuƙi da kuma ƙarya sabuwa fil. Na same shi a gindin ɗorawa bayan Zongo, ya cusa kai cikin motar Mahama dillalin shanu, wadda Mahaman ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Ni kuwa ba shan iska ya fito da ni ba. Ina da 'yar butar turare ta tagulla mai dogon wuya, wadda babana ya bar mini tun zamanin fataucin goro a Salaga. Tana cikin adaka tare da likkafanina, don da ita na yi wasiyya a yayyafa mini turare ranar da za a kai ni. Da safen nan na buɗe adaka, sai na ga buta ba baki. An murɗe shi an yi gaba.

"Ɓarayi kuma, amarya?" in ji Mikaila. "Wa zai saci abin tsohuwa? Ko haƙoranki da suka ɓace ba sacewa aka yi ba, guduwa suka yi."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce an saci abina ne? Me ka rufe da tafin hannu?"

"Aikin maza ne."

"To ina mazan? Ɗaga hannu."

Ya ɗaga da ƙyar. A gindin gilashin gaba akwai wasu 'yan ƙarafa biyu tsaye kamar hanci. Na hagu fari ne. Na dama an shafe shi da baƙin mai har ba a ganin launinsa.

"Kin ga waɗannan?" ya ce. "In taɓo ya rufe gilashi, sai a danna maɓalli a ciki, su tsarto ruwa, sandar nan ta share. Ɗaya ya toshe, na sa ƙusa in buɗe, ya tsage. Mahama ya ce gobe za mu Salaga ta hanyar Yendi, damina ce, in hanci biyu ba su tsarta ba, zai ba wani makullin. Shi ne na sa sabo."

"Oho. Ni in na ci goro na tsartar ka ce ƙazanta, mota ta tofa wa kanta yawu a fuska ka ce ilimin Nasara. Sabon daga ina?"

"Kumasi."

"Yaushe tsohon ya tsage?"

"Jiya."

"Jiya ya tsage, yau sabo ya iso daga Kumasi? Ashe shamuwa ta fara dako."

"Na tuna! Daga Bama na taho da shi. Wani janar ya ba ni, don na ceto shi daga bakin giwa."

"Wancan karon bakin kada ka ce. Me ya sa ka shafe shi da mai?"

"Maganin kambun baka. Na san za ki biyo ta nan."

"Jiya wa ya shiga ɗakina ya ce yana neman allura?"

"Mijinki ne, yana da iko. Ni na gaji kakana, ke da adakar duk nawa ne."

"Kakanka ya shekara arba'in bai taɓa adakar nan ba, don yana son yatsunsa. Danna mini abin in gani."

"Ba ruwa a kwalbar."

Na ɗaga butar alwalata. "Allah ya kawo."

"Ruwan Bawku bai yi mata, Kaka. Ta saba da na birnin Ankara can bakin teku, sai ta yi zawo."

"Kai ma da ruwan Bawku aka yi maka wankan farko, ga ka nan kana ƙarya da ƙarfinka. Buɗe."

Ya ɗaga murfin gaba yana gunaguni, na tsiyaya ruwa a wata kwalba mai igiyar roba. Ya shiga, ya ta da mota, ta yi tari irin na kakansa.

"Matsa gefe, kada ki narke," ya ce.

"Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Danna."

Ya danna. Hancin hagu ya harba ruwa siriri, tsaf a gilashi. Na dama kuwa ya yi shiru kamar mai tunani, sa'an nan ya buɗe ya yi yayyafi, rabi a gilashi, rabi a fuskata. Sai ƙamshi ya tashi. Wardi da miski, turaren da ya shekara hamsin yana ratsa tagullar nan. Har masu sayar da albasa a gefen hanya suka waiwayo.

"Mikaila," na ce, ina share ido da gefen mayafi, "janar ɗin nan naka, shi ma ɗan Salaga ne?"

"Turawa haka motocinsu suke. Ƙamshi suke yi in sun ga kyakkyawar mace."

"To na hagun makaho ne?"

Ya kashe mota. Ya fito ya tsuguna, ya cire hular sojan nan tasa.

"Kaka, na zaga maƙeran Bawku duka har Binduri, ba wanda ya iya huda ƙarfe siriri haka. Bakin butarki ne kaɗai ya murɗu ya zauna daram. Na ce in na isa Salaga in nemi irinsa, in mayar kafin ki lura."

"Kafin in lura! Kowace Juma'a nake buɗe adakar nan in gaida likkafanina. Da na mutu daren jiya fa? A kai ni ina warin daddawa, a ce ga 'yar fatake?"

Ya tashi tsaye. Ya miƙa hannu zai kwance. Na dube shi, na tuna wata goman da ya yi yana zaune a zaure yana ƙirga ƙuda kafin Mahama ya kira shi. Na buge hannun da sandata.

"Bar shi. Aro na ba motar, ba kai ba. Amma kujerar gaba tawa ce gobe. Shekara talatin rabona da kabarin babana a Salaga, gara in je in gaya masa da bakina inda bakin butarsa ya ƙare."

"Mahama zai zauna a baya kenan?"

"Ya saba bin bayan shanu. Kuma ranar da na cika, ka murɗe abin nan ka kawo kafin a ɗauke ni."

"In ina Kumasi fa?"

"Zan jira. Na saba jiran mazan gidanku."

Ya fashe da dariya, ya zaro farin goro daga aljihu ya miƙo da hannu biyu. Na karɓa, na juya shi, na shinshina.

"Wannan kuma," na ce, "daga adakar wa?"