Ranar da Na Shanya Kwamfuta

Shekarar da maigidana ya sayo kwamfutar tebur, gidanmu na Gaya ya koma ofis, kullum cike da baƙi. Ƙaninsa Sani daga Toranke yake zuwa duba imel, yana jiran kiran aikin koyarwa.

Ran nan ya danna, ya sake dannawa, manhajar imel ɗin sai ta leƙo ta koma. Ga shi an ce duk wanda bai amsa ba a ranar, wani za a ba. Ya fita neman mai gyara, gumi sharkaf.

Ni kuwa na ce wannan ai aikina ne. Tun ina yarinya, batirin rediyon Baba in ya mutu, a rana muke sa shi ya farfaɗo. Jiya an yi ruwa, sanyi ne ya kama ta. Na zare wayoyi, na rungumo akwatin, na ajiye a tabarma gefen kuɓewata. Har juya shi nake yi, kowane ɓari ya samu.

Sani ya shigo da mai gyara, suka tarar da kaza tsaye a kai.

"Matar Yaya, me zan gani haka?"

"Ka bari, saura kaɗan ta ji sauƙi."

Mai gyara dariya har da zama a ƙasa. Ashe kashewa da kunnawa kawai take so. Sai da ta huce aka jona, Sani ya amsa da ƙyar gab da magariba.

Yau hedimasta ne, har da furfura. Amma wayarsa na ƙin caji zai kira ni: "Matar Yaya, akwai wuri a tabarmar?"