Rasuwar Ladi, Motar da Ba Ta Kai Kaka Teku Ba

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da haushin da har yau bai huce ba, iyalan Malam Kambai na Plumstead suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan London da na gida Zonkwa, rasuwar motarsu Ladi. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi a wani garejin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da ke Deptford, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi. Ta bar duniya tana da shekara talatin da shida, wata shida daga ciki a hannun Kambai. Ga waɗanda Allah bai nufa sun gan ta da rai ba, Ladi irin motar nan ce mai ɗaki a baya da Turawa ke kira motorhome, da gadonta, da murhunta, da ɗan makewayi, da labule mai furanni. Ranar Lahadi aka sayo ta bayan an tashi coci, shi ya sa ta ci wannan suna.

Ba don gayu aka sayo marigayiya ba, kada masu baki su fara. Alkawari ne ya kawo ta gidan. Kaka Juliana, mahaifiyar Kambai, shekararta saba'in da takwas ba ta taɓa ganin teku ba. Mijinta marigayi Baba Hosea ya yi aikin soja a Legas, ya dawo ya shekara arba'in yana ba ta labarin wani ruwa wanda ba shi da tsallake, in ka tsaya a bakinsa sai dai idonka ya gaji. Kullum za shi kai ta, kullum baɗi, har ƙasa ta rufe masa ido. A bakin kabarin uban Kambai ya dafa kafaɗar tsohuwa ya ce shi zai cika. Tun da aka fara nema mata bizar wata shida ya rantse ba ganin tsaye za ta yi wa teku ba, a bakinsa za ta kwana, ta farka ta yaye labule ta gan shi. Cornwall ya zaɓa, can bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, watan Agusta.

Nan aka shiga neman mota, neman da ya ci wata huɗu. Kambai direban bas ne a nan London, kafin nan ya yi shekara tara yana jan mota tsakanin Kafanchan da Jos, don haka ba wanda zai koya masa mota. Ya ɗauki amininsa Abdul-Mumuni, bakaniken Gana mai gareji a Deptford, mutumin da ke ɗora sukundireba a kan inji ya kara kunne a ɗaya ƙarshen ya faɗa maka ciwon da ke ciki. Motoci goma sha ɗaya suka duba. Su buɗe gaba, su saurara, su shinshina mai, su leƙa salansa, su shuri taya, su yi gaba. Akwai wata a Essex, busasshiya ƙayau, ɗakinta tsaf, Tabitha matar Kambai har ta zauna a kan gadon ta fara lissafin inda za ta ajiye tukwane. Motar ta yi ɗan tari sau ɗaya, ƙyuf, da aka tayar da ita. Sau ɗaya tak! Mazan suka dubi juna suka girgiza kai, aka baro ta. Waɗanda suka saye ta suna can suna zuba hotuna daga Scotland, kuma Tabitha ba ta fasa nuna wa Kambai ko ɗaya ba.

Ladi ce ta goma sha biyu. A gidan wani dattijon Bature a Kent aka same ta, ƙarƙashin wata bishiya. Taɓawa ɗaya ta tashi, gir-gir-vuuum, ta zauna tana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Abdul-Mumuni ya cire sukundireba daga kunne, ido ya ciko da ƙwalla, ya ce, "Massa Kambai, mota nan, wallahi ya fi ni da kai lafiya." Don Allah a shaida, dattijon nan bai cuci kowa ba. Sau uku yana kiransu su shigo ciki su dubi kusurwar rufin da ke saman gado. Sau uku Kambai yana zungurar Abdul-Mumuni yana cewa da Hausa, "Rabu da shi, dabarar dillalai ce, so yake ya ɗauke mana hankali da labule." A gida inji ke kashe mota, wa ya taɓa jin rufi ya kashe mota? Ba wanda ya gaya musu cewa a ƙasar nan laima ce mai kisa, kuma ɗakin da ke bayan irin wannan mota katako ne aka lulluɓe da kwano.

Marigayiya mai kyawawan halaye ce, wannan ba a musu. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko da sanyin safiya. Ba ta shan mai fiye da ƙima, ba ta hayaƙi a gaban mutane. Hawan tudun Plumstead da ke sa sababbin motoci nishi, ita da waƙa take yinsa. Ƙofarta na gaishe da duk mai shiga da ƙiiii, ta yi masa sallama da gam. Ta karɓi baƙuncin 'yan zumuntar mata sau biyu, sun zauna cikinta sun sha shayi a ƙofar gida, ba ta kai ƙarar kowa ba. Ita dai aibinta ɗaya, zurfin ciki.

Ciwon ajali ya fara bayyana a watan Yuni, da aka yi ruwan kwana tara ba ɗagawa. Hancin Tabitha ne ya fara ganowa. Ta ce motar na warin tsohon rumbu, Kambai ya sayo turare ya rataya. 'Yarsu Nanret ta buɗe kabad ta tarar da lemar kwaɗi ta tsiro, ta ce, "Daddy, it's growing things," ya tsinke ya yar, ya ce yaran London ba su san komai ba sai ƙyama. Daga nan marigayiya ta koyi wani sabon sauti, ɗis, ɗis, ɗis, daidai inda aka shirya kan Kaka zai kwanta. Kambai ya tara roba, ya fita ya tayar da inji ya saurara, ya dawo yana murmushi. Tabitha ta ce, "Baban Nanret, akwai teku a Margate, train ɗinta bai fi awa biyu ba, mu yi booking mu kai Mama ta gani, in ya so a yi Cornwall daga baya." Ya ce uwarsa ba za ta ga teku da tikiti a hannu tana duba agogo ba. Kaka kuwa da Tabitha ta ce mata su lallaɓa su tafi su biyu, cewa ta yi, "Wanda ya yi alkawari shi zai kai ni."

Ranar tafiya ta zo, Asabar ta biyu a Agusta. An loda barguna, an loda kujeru, Kaka ta sha ɗaurin zaninta na zumunta ta zauna a gaba da jakarta a cinya tun ƙarfe bakwai. Tabitha ta hau da babbar tukunyar gwaten acca, ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, sai ɓurum! Ƙasan motar ya buɗe, ƙafarta ta zurma har gwiwa, takalminta ya sauka a kan kwalta. Tukunyar dai ba ta saki ba, Allah ya saka mata. Abin da ta faɗa wa mijinta a wannan safiya ba na sanarwar rasuwa ba ne. Duk wannan abu injin Ladi na ta gurnaninsa mai daɗi, kamar ba a kansa ake yi ba.

Maimakon ya haƙura, sai Kambai ya shiga jinya. Hutunsa na shekara kaf a ƙarƙashin motar nan ya ƙare. Ya cire katako ɗaya, na bayansa ya marmashe a hannu. Ya toshe rufi ta dama, ruwa ya koma hagu. Agusta ta wuce, Satumba ta bi ta, Kaka na zaune a taga tana kallon ƙafafun ɗanta da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Ranar Talata mai gwajin MOT ya ɗaga Ladi sama, ya soka sukundireba a ƙarfen da ke riƙe da ita, ya shige luf kamar a nunanniyar gwanda. Mutumin ya ce motar nan ba ta sake hawa titi ba, amma gaskiya bai taɓa jin inji mai daɗi irin nata ba. Kambai ya ce da bai faɗi wannan na ƙarshen ba, da ya fi masa sauƙi.

Marigayiya ta bar mai gidanta Kambai, wanda ba ya cin abinci sosai, da Tabitha, wadda gwiwarta ta warke amma bakinta bai warke ba, da Nanret, da tayoyi huɗu masu rai, da butar shayi, da labule, da taswirar Cornwall da ba a ko buɗe ba. Ta bar injinta lafiya ƙalau, an yi wasiyyarsa ga Abdul-Mumuni, shi da ya ji masa daɗi ya je ya ci gaba da saurara. Ta kuma bar Kaka Juliana, wadda jirginta na komawa Abuja zai tashi ranar Lahadi da safe, kuma a shekarunta ba wanda ya san ko za ta sake takowa ƙasar nan.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan ƙarfe biyar. Masu zuwa su zo da addu'a, su bar shawara a ƙofa. Duk wanda ya san zai ce "ai da ka duba rufin", ya yi zamansa, an yafe masa. Mutum goma sha huɗu sun riga sun faɗa, har da fasto.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Janwe, motar jan matattun motoci, zai ɗauki gawa daga Deptford ƙarfe takwas na safe zuwa makwancinta a wata bolar ƙarafa da ke Dagenham. Ba za a daɗe ba, don Kambai na da shift ɗin aiki ƙarfe biyu, kuma ba shi da sauran hutu ko na yini guda. Ya roƙi direban janwe kada ya bi ta tunnel ɗin ƙarƙashin ruwa, a bi ta ferry, jirgin fito na Woolwich, inda ruwan kogin Thames ya fi faɗi. Kaka za ta kasance a kan ferry ɗin, ta riga ta goge zanin zumuntarta da kanta, don ɗanta ya ce mata ranar Asabar za su bakin ruwa.

Saboda haka iyalai na da roƙo ga masu rakiya. A juya Kaka ta fuskanci gabas. Dogayen cikinmu su tsaya ta inda gaɓa take, su kare mata ita. Kada wanda ya furta kalmar kogi, musamman yara. Kuma Malam Kambai, wanda ya yi wata huɗu yana tsine wa yanayin ƙasar nan safe da yamma, yana roƙon kowa da kowa, Kirista da Musulmi, a taya shi addu'a Allah ya sauko da hazo mai kauri ranar Asabar, ko na minti biyar ne, yadda tsohuwa za ta duba ba ta ga tsallake ba.