Hayaƙin da Na Tura ta Katanga

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin bikin Rifkatu, 'yar maƙwabciyata, ba, kuma ko ni na yi niyyar mantawa, matan layinmu ba za su bari ba. Har yau in na fito zuwa kasuwa sai wata ta yi ɗan tarin ƙarya ta ce, "Sannu da fitowa, Maman Hayaƙi." Ainihin sunana a unguwa Maman Hanifa ne. Yadda aka yi na samo wannan sabon suna kuwa, sai mun koma shekarar korona.

Gidanmu yana unguwar Majidaɗi a Jalingo, ba nisa da babban titi. Kafin a kulle gari, rayuwarmu cikin ƙara da hayaƙi take: keke-napep tun asuba, janareton masu shaguna, ga injin markaɗe a bakin layi. In na shanya farin hijabi da safe, kafin la'asar ya fara komawa ruwan toka. Mun saba har ba mu san muna shaƙar komai ba.

Sai aka ce kowa ya zauna a gida. Kwanaki kaɗan da fara kullen na fito shanya, na ɗaga kai, na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Duwatsun nan na bayan gari, waɗanda na saba gani kamar inuwa, sai ga su fes, har ina iya bambance bishiyoyin da ke jikinsu. Kukan kurciya ya dawo tsakar gidana. Kiran salla daga can unguwar Barade yana iso mu tiryan-tiryan. Ranar da aka yi yayyafin farko, ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki ba tare da warin fetur ya raka shi ba. Mutane na cikin tsoro da ƙunci, abinci ma sai dabara, amma iskar Jalingo ba ta taɓa yin daɗi irin na lokacin ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Maman Rifkatu, kuma gajeriya ce. Su Mumuye ne, Kiristoci, maigidanta malamin makaranta. Zamanmu na amana ne. Da azumi nakan miƙa musu kunu da ƙosai ta saman katangar, da Kirsimeti kuma ita ke kawo kajinta Baban Hanifa ya yanka, don mu ma mu ci. A gidan akwai surukarta, tsohuwa da kowa ke kira Kaka, wadda aka ɗauko daga garinsu Zing saboda ciwon ƙirji. Ban taɓa tambayar wane irin ciwo ba ne. Na dai san ba ta cika fitowa ba, kullum tana ɗaki.

A kwanakin kullen nan ne na fara jin muryarta. Da yamma sai a shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaronsu, ta zauna tana rera waƙoƙin coci da yarensu, ƙasa-ƙasa. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma nakan rage ƙarar rediyo in saurara ina tsintar shinkafa.

Rediyon nan kuwa shi ya tsorata ni. Kullum ana cewa tsofaffi cutar ta fi kayarwa. Ana cikin haka goggona ta turo saƙon murya a guruf ɗin 'yan uwa, wai an samu maganin da ke kashe ƙwayar cutar tun tana cikin iska: busasshen ganyen dogonyaro, ɓawon lemu, ɓawon tafarnuwa, kanumfari da habbatus-sauda, a zuba a garwashi a turara gida. (Barkonon da ya shiga ciki daga baya ba laifin Goggo ba ne. Ni na ƙara da basirata, wai don ƙwayar ta ji a jikinta. Kuma ni ce wadda ta ci darasin kiwon lafiya da kyau a sakandare.)

Na fara turara namu gidan. Ranar farko Baban Hanifa ya fito daga ɗaki yana share hawaye, ya ce, "Maman Hanifa, korona kike kora ko mu?" Na ce lafiyarsa nake nema. Daga ranar, da ya ga na ɗauko kasko sai ya ɗauki kujerarsa ya koma zaure.

Wata yamma ina fifita garwashi sai na jiyo waƙar Kaka, zuciyata ta karye. Na ce a raina, mu da muke da sauran ƙarfi muna kare kanmu, ga baiwar Allah tsohuwa a zaune a fili ba kariya. Ina haƙƙin maƙwabtaka? Na taka turmi, na ɗora kaskon a kan katanga daidai inda iska ke kaɗawa gidansu, na ƙara haɗin, na sa mafici na yi ta tura musu.

Waƙar ta tsaya. Tari ya biyo baya.

Mai hankali a nan zai sauke kasko. Ni kuwa salati na yi, na ce ashe har cutar ta fara taɓa ta, Allah ne ya kawo ni a kan lokaci. Washegari na ƙara barkono.

"Maman Rifkatu, na sa muku hayaƙi," in faɗa ta katanga, da fara'ata.

"To, Maman Hanifa, mun gode. Amma kada ki wahalar da kanki."

"Wace wahala? Ai Kaka uwarmu ce duka."

Bayan 'yan kwanaki ta sake gwadawa. Ta ce gawayi ya yi wuyar samu, in bar nasu in ji da namu. Na ce ko itacen gadona zan fasa, ba zan bar Kaka ba. Wata rana kuma ta ce Kaka ba ta saba da turare ba. Na ce magani ai ba a saba da shi. Yanzu in na tuna, baiwar Allah ta ƙwanƙwasa mini kowace ƙofa da kara ta yarda a ƙwanƙwasa, ni kuma ina ciki ina ta murna da kaina. Azumi ya kama, na riƙa miƙa ƙosai da hannu ɗaya, kasko da ɗayan.

Sai tarin ya ɗauke. Na kasa kunne yamma bayan yamma, shiru. Wallahi har sujadar godiya na yi, na kira Goggo na ba ta labarin an samu waraka. Waƙar ma ta ɗauke tare da tarin, amma wannan ban sa shi a lissafi ba. Na ce mai jinya ai sai da hutu.

Da aka sassauta doka, aka tsayar da bikin Rifkatu, ba taro mai yawa ba. Ana gobe ɗaurin aure matan layi muka taru a tsakar gidansu muna aikin abinci, ga manyan tukwane a kan murhu can gefe. Cikin baƙi akwai ƙanwar maigidan, Anti Saratu, wadda ta zo daga Zing, mace mai faɗin magana ba kwana-kwana. An fito da Kaka an zaunar da ita a gindin mangwaro, ta rame, amma tana murmushi.

Hira ta koma kan kulle. Wata ta ce ita abin da take kewa shi ne barcin rana ba ƙarar keke. Wata ta ce yaronta da ke fama da mura kullum, ko atishawa bai yi ba a lokacin. Wata ta ce ita sai a lokacin ta san akwai taurari da yawa haka a saman Jalingo. Ni kuwa ina yankan albasa, magana tana cin raina. Na gyara zama na ce, "Ku dai ku gode wa Allah, amma akwai abin da ya tsare layin nan. Ku tambayi Maman Rifkatu yadda Kaka ta warke."

Maman Rifkatu tana tuƙa tuwo, ta ɗago ta ce, "Maman Hanifa, zo ki ɗanɗana mini gishirin miyar nan."

Na ce ina zuwa. Na buɗe jakata na fito da gwangwanin madara cike da haɗin, wanda na tanada musamman a matsayin gudummawata ga amarya, ta tafi da shi gidan miji. Na lissafa musu abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai wa'azi. Wata ta ce, "Har da barkono?" Na ce shi ne ma sirrin. Don kada a ce baki ne kawai, na ɗauki murfin kwano, na ɗebo garwashi daga murhu, na kai kusa da tabarmar Kaka (wai ita ta fi cancanta), na barbaɗa, na sa faifai na fifita.

Ban taɓa jin numfashin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙara ba. Ba tari ba ne, wani siririn fito ne yake fita daga ƙirjinta, ta dafe ƙasa da hannu biyu, idanunta sun fito. Maman Rifkatu ta yar da muciya ta ruga ɗaki, ta dawo da ɗan abin shaƙar nan na masu asma, ta sa mata a baki. Amarya da wata mata suka tallabe ta suka yi ciki da ita. Wata ta kwara wa garwashin ruwa, hayaƙin ya ƙara turnuƙewa, mata suka watse suna tari, kowa na toshe hanci da gefen zane.

Anti Saratu ba ta motsa ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ashe ke ce."

Na ce, "Ni ce wa?"

"Ke ce mai hayaƙin. Mama tana kirana a waya tana kuka, wai iskar Jalingo ta gyaru kamar ta gida, amma da yamma sai an kulle ta a ɗaki. A rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, cikin zafin nan, har duhu ya yi. Na tambayi matar yayana wane mara imani ne yake ƙona bola a kan mai asma, ta ce mini ba ta san ko waye ba."

 A lokacin ne na lura faifan yana hannuna har yanzu, kuma ban daina kaɗa shi ba.

Maman Rifkatu ta fito ta ce numfashin ya daidaita. Ta dubi ƙanwar mijinta ta ce, "Saratu, ki bari. Da zuciya ɗaya ta yi." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki gwangwanina, na nemi takalmina na rasa ƙafa ɗaya, na fita a haka. Tsakanin ƙofarsu da tamu taku kaɗan ne, amma ranar sai na ga kamar Wukari zan je da ƙafa.

Baban Hanifa ya ji labari kafin in gama sallama. Bai ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka masa. Ya dai ce in tashi in yi alwala, kuma gobe da ni za a yi biki, don ɓuya ba ta biyan haƙƙi. Na je bikin, na zauna can baya kusa da masu wanke-wanke.

Bayan baƙi sun watse na shiga ɗakin Kaka, na durƙusa. Na ga tsumman a bayan ƙofa, a naɗe. Kuka ya hana ni jera magana. Ta kama hannuna, ta yi mini magana da irin Hausarta.

"Yarinya na, ka tashi. Hayaƙin ka akwai ƙarfi, ya fi na mota."

Na ce, "Kaka, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Mutum yana ba ka ƙosai da hannun dama, za ka ce masa hannun hagu yana wari?" Ta yi dariya, dariyar ta ja tari, ta jira ya lafa. "Tun da aka kawo ni garin nan, lokacin ne kawai iska ya shiga ƙirji na har ƙasa. Ba komai. Mun raba ne. Safe nawa, yamma naka."

Muna cikin maganar mai shagon bakin layi ya tayar da janareto, keke-napep biyu suna rige-rigen hon a titi. Kaka ta nuna taga da haɓa ta ce, "Yanzu kam ba naka, ba nawa."

Kafin shekarar ta fita aka mayar da ita Zing, don ƙirjinta ya kasa ɗaukar garin. Tana aiko mini da gaisuwa, wani lokaci har da doya. Ta yafe, na sani. Amma abin da ke cina shi ne, sau ɗaya tak garin nan ya yi shiru ya bar wa tsohuwar nan iska mai tsabta, ba don ita ba, ba kuma da niyyar kowa ba, ni kuma na hau turmi na ƙwace mata rabi da sunan tausayi. Duwatsun sun koma inuwa, hijabina ya koma ruwan toka, kuma ban sake jin waƙar nan a gindin mangwaro ba. In da kuɗi ne da na biya. Yammacin da ya wuce ban san inda ake sayo shi ba.

Abin da na koya dai, in tari ya yi shiru a gidan maƙwabta, ba na saurin yin sujadar godiya, sai na leƙa na ga mai tarin da idona. In aka ce mini "kada ki wahalar da kanki" har sau biyu, nakan ajiye abin da ke hannuna in tambaya da kyau. Alheri kuma yanzu ta ƙofa nake bi da shi, da sallama, in jira a ce in shigo. Ƙosai ne kaɗai na bar wa katanga, shi ma na rage masa barkono.