Ni da Na'urar Neman Kyamara a Bikin Rahila

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rahila, ƙanwar mijina, ba. Tun kafin mu bar unguwarmu Romi zuwa Kafanchan hankalina ba a kwance yake ba. Wata maƙwabciyata ce ta nuna min bidiyo a waya: wata baiwar Allah tana wanka a otal, ashe an ɓoye kyamara a bango. Ni kuwa ina shayar da 'yata Alheri, kullum riga a ɗage. Da aka ce a otal za mu sauka, abinci ma ya daina shiga.

Sai na je wurin mai kayan waya a bakin titinmu. Ya miƙo min wata 'yar na'ura baƙa, kamar kwalin ashana da tsinke a ka. Ya ce, "Madam, in ta yi kuka, akwai kyamara. Shi ke nan." (Takardar bayaninta da Turanci take, rubutu kamar tururuwa, ban wahalar da kaina ba.)

Ɗaki ɗaya aka ba mu, ni da Mama surukata da ƙanwarta Anti Laraba. Safiyar ɗaurin aure, kowa na shirin wanka, na ce a dakata. Na kunna na'urar. Banɗaki, shiru. Madubi, shiru. Ina juyowa wajen gado sai ta fara tit, tit, tit, ba ƙaƙƙautawa.

"Kada wadda ta cire zani!" na ce. "Ana kallonmu!"

Anti Laraba ta ce, "Yesu!" ta ja zanin gado ta rufa har ka. Na sauka da goyona na taso manaja, ina zazzaga masa maganganun da ko yanzu in na tuna sai na rufe fuska. Har 'yan sanda na ambata.

Ya biyo ni da ma'aikatansa biyu. Mama na zaune a bakin gado tun ɗazu. Aka ɗaga filo, babu. Aka tashe ta aka ɗaga katifa, babu. Abin mamaki, tana matsawa bakin ƙofa sai gadon ya yi tsit. Ni da ba na iya haɗa ido da matar nan, na bi kukan ban ko ɗaga kai ba, sama, sama, har hannuna ya tsaya daidai ƙirjinta. A gaban maza uku.

Mama ta dube ni. Ta sa hannu cikin riga ta zaro 'yar wayarta (can take ajiye ta, kamar yawancin iyayenmu, namu wayoyin kuwa suna can ƙasan bene wurin caji).

"Maman Alheri, ni ce kyamarar?"

Manaja ya danne dariya ya ce, "Madam, wannan abin ko waya ya ji sai ya yi kuka. Wata kyamarar kuma, ko a kanta kika ɗora shi ba zai ce komai ba."

Ko da muka isa coci amarya ta riga ta shiga. Har yau in Anti Laraba ta hango ni sai ta dafe ƙirji ta ce, "Tit, tit."

Na koyi cewa abin da ke kuka ba lallai ya san me ya gani ba. Amma maganar manajan nan ta ƙarshe ta fi kunyar damuna, ga shi wata mai zuwa akwai wani bikin a garin Lafiya. Don Allah, wadda ta san yadda ake duba ɗaki da gaske, ta koya min kafin lokacin.