Kyamarar da Ta Rusuna

"Lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. Halan Almustapha na? Na aza daraktoci ba su shiga gidan masu ɓata aiki."

Iya Kaltume ce ke amsa gaisuwar jikanta, ko kai ba ta ɗaga daga furar da take damawa ba. Kwana tara ke nan ta hana shi furarta, kuma duk wanda ya san su a Wurno ya san hukuncin ba ƙarami ba ne.

Ga abin da ya haɗa su. Almustapha ɗan aji shida ne a sakandare, shi ya shirya wa makarantarsu gajeren fim da wayar hannu don gasar makarantun Wurno, Rabah da Goronyo. So ya yi farkon fim ɗin ya zama idon sabon ɗalibi: a fara jin ƙararrawa alhali allon hoto yana baƙi ƙirin, sannan kyamara ta shigo ƙofa, ta ratsa ɗalibai har cikin aji, ɗauka guda ba yankewa. Amma duk wanda ya riƙe wayar sai hoto ya kama rawa. Sai ya tuna kakarsa, wadda ta shekara talatin tana ɗauko fura a ka daga ƙauyen Sisawa ba ta zubar da ɗigo ba. Aka ɗaure waya a ƙwarya, aka aza mata bisa gammo, hoto ya tafi sumul. Suna isa gaban shugaban makaranta, tsohuwa ta rusuna ta gaishe shi, kyamara ta rusuna tare da ita. Almustapha ya daka mata tsawa gaban yara wai ta ɓata masa aiki. Ta sauke ƙwarya ta yi gida, ta ƙi a sake. Haka ya kai fim ɗin Goronyo, inda aka yi gasar, yau kuma ga shi ya dawo.

"Tsohuwa, mun ci na ɗaya," in ji shi.

"Kun ci? Da wuyan ga naka mai kama da karan dawa?"

"Da basirata. Ke ai sandar kyamara ta kurum, sandar ma mai haƙora ukku."

"Huɗu na, ƙirga da kyau. Kai ko shayi kaɗ ɗauko sai ka yi ma rigarka wanka. Ango na banza, da na san haka kake da tuni na kai ka ga alƙali."

"Wa za ya kwashe ki in ba ni ba?"

"Shugaban makarantarku ma ya yaba tahiyata. Hwaɗa man tsakaninka da Allah, mi alƙalan gasa sunka ce?"

Ya hau sosa ƙeya. Ya ce sun yaba ƙararrawa, sun yaba hasken safiya. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Da ya ga ba mafita, ya furta cewa wurin rusunawar nan sau uku aka sa ya maimaita shi. Wani alƙali ya ce bai taɓa ganin kyamara mai ladabi ba, har ya tambayi wace na'ura ce ta sauko haka ba girgiza.

"Kac ce mai mi?"

"Na ce daga Sisawa anka kawo ta. Ba ta cin caji, sai goro."

Ta kau da kai don kada ya ga dariyar, sannan ta ajiye ludayi. "Gaban ɗiyan mutane kay yi man tsawa, Almustapha. Abin ya yi man zahi."

Wannan karon kunya ta kama shi. Ya zaro wayar ya kunna mata. Ƙararrawa ta kaɗa, sai farin rubutu ya fito a kan baƙin allo, da ajami, don ya san ba ta karanta boko. Ta bi shi da yatsa a hankali: mai ɗaukar hoto, Kaltume 'yar Sisawa. Sunansa ma sai daga baya ya biyo.

"Yanzu kas saka shi, da kag ga an ci."

"Tun ban tahi ba, Iya. Haka duk Goronyo ta gan shi."

Ta goge ido da bakin gyale, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Sannan ta yi dariya har haƙoran huɗu suka bayyana, ta tura masa ƙwaryar furar.

"Rusuna ka ɗauka, darakta. Kak ka zubar."

Ya rusuna ya ɗauka da hannu biyu.